Gefen da Allon Baba Ya Ɓoye

"Don ƙananan allunan tsofaffin kwamfutoci aka yi shafin nan, Malama," in ji mai shagon intanet. "A nawa zai baje."

Tsohuwar kwamfutar babanta ce ta mutu, shi ya sa ta zo bakin kasuwar Daura duba shafin da ya buɗe wa sana'arsa ta dukanci tun tana ƙarama. A gida bai taɓa bari a canja saitin allo ba.

Shafin ya baje kuwa. Hoton da ta saba gani, ita da Baba, ya ƙaru ta dama. Ga wata mata riƙe da hannunta, wushiryarsu iri ɗaya.

Ta ƙura wa matar ido. Wurin haihuwarta aka ce mahaifiyarta ta rasu. A hoton kuwa ga ta yarinya tsaye da ƙafafunta, mahaifiyar na riƙe da ita.