Haladu da Takardar Maki

Kai da kake tambaya ko littafin da ya ci kyauta shi ne ya fi sauran, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai hayar littattafai a bakin kasuwar Funtuwa. Haladu sunansa. Shekara ashirin yana rumfar nan, kuma in ka bibiya ba littattafan ne jarinsa ba, bakinsa ne. Tela ne ko direba ko matar aure, in aka ce masa, "Wanne zan ɗauka?" abin da ya miƙa shi ake tafiya da shi, ko bangon littafin ba a dubawa, don bai taɓa haɗa mutum da littafin da zai sa shi hamma ba. To, wata shekara ƙungiyar marubutan garin ta shirya gasar labaran bincike, irin waɗanda ake kisa ko sata, mai karatu ya yi ta lalube kafin ya gano mai laifi. Aka naɗa alƙalai uku: malaman kwaleji biyu, sai Haladu, wai a sa mutumin kasuwa ɗaya a ciki. Ranar da ya ji, har sabuwar hula ya ɗinka.

Littattafai biyu suka kai ƙarshe, malaman suka rabu, ɗaya nan ɗaya can, raba gardama ya faɗo kan Haladu. Na farko labarin wani dillalin shanu ne da aka tsinci gawarsa a rijiya. Da hantsi Haladu ya buɗe shi, sai kiran la'asar ne ya tuna masa bai yi azahar ba. Ya zargi matar mamacin, ya zargi abokin cinikinsa, har ɗan sandan da ke binciken bai tsira ba, ashe makashin wani dattijo ne da ke zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwar mutuwar. Na biyu kuwa, tun shafi na tara aka shigo da wani mai jajayen idanu, ɗan shaye-shaye, kuma wallahi shi ɗin ne. Kwana shida Haladu na jan littafin kamar mai jan akuya zuwa mahauta. Amma fa Hausarsa tsaf, karin magana a kowane shafi, biki da suna an zayyana su, a ƙarshe mai laifi ya tuba yana sharɓar kuka.

Sai aka ba Haladu takardar da zai sa maki. Gida huɗu ne a jikinta: tsaftar harshe, karin magana, al'ada, tarbiyya. Ya juya bayanta yana neman inda zai rubuta cewa littafi ya ɗauke masa hankali har ya manta inda yake, babu. Ya ce to, bari ya cika tsakani da Allah. Na farko karin magana biyu ne kacal a cikinsa, ga maganar 'yan kasuwar shanu ɗanya sharaf, sannan yaya zai ba da makin tarbiyya ga littafin da ya mai da mai furfura makashi? Da ya haɗa, na biyu ya yi wa na farko fintinkau. Ya goge, ya sake haɗawa, haka dai. Nan fa kansa ya ɗaure tamau. Shi ne bai san littafi ba, shekara ashirin yana ɗora mutane a kan ɗanɗanon 'yan kasuwa? Ko takardar ce ta yi kuskure? Amma ina takardar da masu digiri suka tsara za ta yi kuskure, shi da ko sakandare bai gama ba? Ya kai kukansa wurin malamin da ke goyon bayan na biyu, malamin ya yi murmushi, ya ce masa adabi ba gyaɗa ba ce da za a yi ta ci don daɗi. Kunya ta kama Haladu. Ya sa hannu, ransa na ce masa a'a, ya yi kamar bai ji ba.

Aka yi taro, aka tafa, aka ba na biyu kyauta. Haladu ya sa shi a gaban rumfa, yana ta lallashin kansa cewa ai masu ilimi sun fi shi sani. Wadda ta fara zuwa Lantana ce, wata ungozoma da ta shekara goma sha biyar tana karɓar littafi daga hannunsa. Ta yi tambayarta ta kullum, ya miƙa mata shi. Washegari da sassafe ta dawo da shi, ta ce, "Malam Haladu, kai ka karanta wannan kuwa?" Ya shiga yi mata bayanin gasa, da alƙalai, da maki. Ta ce, "Ba gasa na tambaye ka ba. Ya yi maka daɗi?" Haladu ya kau da kai, ya shiga gyara littattafan kan tebur. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai tsuguna gaban tebur, ta ɗauki wannan ta karanta shafi biyu, ta ajiye, ta ɗauki wancan, har ta zaɓi nata da kanta, yana tsaye a kanta kamar baƙo a rumfarsa. Zancen ya zaga, masu haya suka koma bincika littafi kafin su karɓa. Lantana ba ta daina zuwa ba, suna gaisawa lafiya lau, amma har ya tsufa ya bar kasuwar ba ta ƙara tambayarsa wanda za ta ɗauka ba.

Ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru, ya bari takarda ta ƙaryata shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.