Gobe In An Kira Iliyasu

Sau uku layi yana zuwa kan Yahuza, sau uku yana matsawa gefe ya ce wa na bayansa, "Bismillah, wuce." Abokan aikinsa suka ɗauka tsoron na'ura yake ji. Har tsiya suka riƙa yi masa, wai mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ne yau jikinsa ke ɓari saboda ɗan gilashin ɗora yatsa.

Da sassafe motar gona ta kwaso su daga Gwaram zuwa Birnin Kudu. Su talatin da biyu ne, ma'aikatan gonar gwajin dabbobi ta wata jami'ar gwamnati da ke wajen Maruta: makiyaya, masu yankan ciyawa da masu gadi. Jami'ar ta fito da sabon tsari. Kowa sai ya zo da ƙafarsa ya ɗora yatsa, na'ura ta gwada shi da katinsa na ɗan ƙasa. In suna ya zo ɗaya, ka koma bakin aikinka. In ya saɓa, sunanka ma'aikacin bogi, ba aiki ba fansho.

Saura wata tara Yahuza ya yi ritaya. Matsalar ita ce jami'a ba ta san wani Yahuza ba.

Wansa Iliyasu aka ɗauka aiki. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce maciji ya sare shi a cikin ciyawar gonar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mace da marayu uku. A wancan zamanin ba a kai mutuwar ƙaramin ma'aikaci ofis, domin a watan za a yanke albashi, haƙƙin mamaci kuwa sai iyali sun gaji da sintiri sun haƙura. Bayan sadakar bakwai manajan gona ya kira Yahuza, ya miƙa masa sandar wansa da takalminsa na roba.

"Gobe in an kira Iliyasu, ka amsa."

Ya kuwa amsa. A gona shi ne Iliyasu Jafaru, a ƙauyensu Zandam kuma Baffa Yahuza. Matar wansa ta sani, ta tafi kabari da maganar. Manajan ma ya rasu. Yaran kuwa bai taɓa faɗa musu ba, kunya ta hana shi. Da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa, a ƙofar gidan mai unguwa aka kafa tebur, gaban dattawan da suka ci naman sunansa. Ba yadda za a yi ya kira kansa da sunan wanda suka binne da hannunsu, don haka ya faɗi nasa na gaskiya.

Tebur biyu ne a ɗakin tantancewar. Na hagu wani saurayi ne mai tabarau, Malam Safiyanu. Na dama Malama Nasiha, daga sashen kula da ma'aikata, wadda ita ta yi ta faɗi-tashi har aka yarda da sabon tsarin. An ce ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Teburin hagu Yahuza yake so, shi ya sa yake ta wasa da layi. Amma dab da azahar na'urar Safiyanu ta tsaya cak, aka haɗe layin wuri ɗaya, kuma babu sauran kowa a bayansa.

Da ya shiga, Nasiha ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi wa kowa ba tun safe. Ta gaishe shi a hankali, fuskarta a sake. Bai iya kallonta ba. Ya ajiye katin aikinsa a kife a kan na'urar, ya ɗora babban yatsa a kan gilashin. Igiyar shanu ta cinye zanen yatsan, sai a karo na uku na'urar ta karanta. Fuskar kwamfutar ta yi ja.

Safiyanu, da ya rasa abin yi ya dawo bayanta ya tsaya, shi ya karanta a fili. "Katin aiki ya ce Iliyasu, yatsa ya ce Yahuza. Baba, wanne ne kai a ciki?"

"Yahuza ne ni."

"Ina Iliyasun?"

"Ya rasu."

Nasiha ta juya katin, ta daɗe tana kallonsa. Akwai gurbin ranar mutuwa a fom ɗin, ta cike shi kafin Safiyanu ya kai ga tambaya.

"Ban ci na banza ba, Malam," in ji Yahuza. "Ko ranar Sallah ni ke ba shanun nan ruwa."

"Tsarin ba ya tambayar wannan, Baba. Kuma ya riga ya aika rahoto hedikwata da kansa."

Gaskiya Safiyanu ya faɗa. Babu maɓallin da za a danna a mayar da shi, domin haka Nasiha ta nace a gina tsarin, don kada wani jami'i ya ji tausayin nasa. Takardar kora ta fito daga injin da ɗuminta. Saura sa hannu, kuma ita kaɗai ke da ikon sawa. Ta riƙe biro, hannunta ya ƙi sauka. Ta daɗe a haka, har Safiyanu ya tambaye ta ko lafiya.

A lokacin ne Yahuza ya ɗago ya dube ta.

"Sa hannu, Hajiya. Aikinki ne, kada ki ɓata shi saboda ni."

Ta sa. A ƙarƙashin layin injin ya riga ya buga cikakken sunanta, Nasiha Iliyasu Jafaru, babbar marayun nan uku da Baffa Yahuza ya ɗauki nauyin karatunsu da albashin da ya karɓa da sunan ubansu.