Talakan Safe, Attajirin Yamma

"Baba, masu hali ne mu ko marasa hali?" 'yarsa ta tambaya, biro a hannu. Gobe za a rufe karɓar takardar tallafin karatu, gurbi ɗaya ya rage ba ta cike ba.

Uban, direban bas, ya ajiye kwalin da ya shigo da shi. "Ke da kike jami'a ba ki sani ba, sai ni?"

Ta buɗe taswirar da malaminsu ya raba, wadda ta kwatanta samun mutanen ƙasar yanki-yanki.

"In an haɗa ƙasar nan duka, albashinka a tsakiya yake cif. A birnin da kake kai fasinja, kana can ƙasa. A garinmu kuwa, kana cikin manya."

"Albashin nan guda ɗaya?"

"Shi ɗin dai."

Ya sosa ƙeya, ya dubi kwalin. Da safe, a tashar birni, wata mata mai aikin agaji ta kalli takalminsa, ta miƙa masa shi cike da kayan abinci. Ya karɓa, kunya kamar ta kashe shi. Ga ƙanensa kuma zaune a falo tun la'asar, yana jiran abin da babban yaya zai taimaka wa iyalinsa da shi.

Ya ɗauki kwalin ya kai masa. Ƙanen ya durƙusa yana ta godiya.

"Baba, me zan rubuta?"

Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango.

"Ƙarfe nawa za su karanta takardar?"