Baƙar Tawada a Littafin Hajiya Dudu

Tun da aka kafa dokar tawada, injin buga littattafai ne ke tantance rubutu: gaskiya ta fito baƙa, ƙage ya fito ja. Hajiya Dudu, wadda ta tsufa tana rubuta tarihi da ƙagaggun labarai, ta je Fagge karɓo sabon bugun labarinta na farko.

Tanimu mai injin ya tarye ta yana sosa ƙeya. "Hajiya, a yi haƙuri, inji ya lalace. Labarinki ya fito baƙi ƙirin."

Ta buɗe littafin. Ga Barira nan, matar da ta ƙaga tun tana budurwa, mai haƙa rijiyoyi a ƙauyen da ruwa ya ƙafe.

"Injinka lafiyarsa ƙalau, ɗan nan. 'Ya'ya mata nawa aka raɗa wa Barira saboda littafin nan? Je ka Gumel ka ga mata masu haƙa rijiya yau."

Tana murmushi ta kai shafin ƙarshe, inda rijiya ta rufta da Barira. Shi kaɗai ya fito ja, amma jan ya fara rikiɗewa zuwa baƙi.

Ta gyara zama. "Dakatar da bugun. Miƙo min alƙalami."