Miji don Gimbiya

Bara'atu ta tura ganyen latas ta ramin wayar keji, ta kira sunan a hankali. Gimbiya ta ɗaga baƙin kunnenta na hagu, ta juya mata baya.

Zomanyar ta Umaima ce, 'yarsu tilo. Da hannunta ta raine ta, ita ta raɗa mata suna, kuma da ta kira sai ta sheƙo da gudu ta haye cinyarta. Ciwon sikila ya ɗauke Umaima bara tana shekara goma sha ɗaya. Kayan sawarta an rabar, littattafanta an kai islamiyya. Abin da ya rage mai numfashi a gidan nan na Kurmin Mashi wanda hannun yarinyar ya taɓa shafawa, Gimbiya ce kaɗai.

Ita ma Gimbiyar ba ta koma daidai ba. Lokacin da Bara'atu ta iya tashi daga kwanciyar makoki ta leƙa bayan ɗaki, sai ta tarar da ita ta ƙanƙance, ba ta amsa kira, ba ta yarda a taɓa ta. Bara'atu ba ta ga laifinta ba. Ita kanta a lokacin ba ta amsa kiran kowa.

Wata abokiyar aikinta a ofis ce ta fara jefa mata tunanin. Ta ce zomo bai iya zaman kaɗaici ba, kuma ba shi da tsawon rai. Maganar ta tsaya wa Bara'atu a ƙirji. In Gimbiya ta mutu ba ta bar baya ba, shi ke nan, Umaima ta sake tafiya. Gimbiya ta taɓa haihuwa sau ɗaya, mage ta kwashe 'ya'yan, Umaima ta wuni tana kuka. A samo mata miji, ko ɗa guda ne a gani.

Mijinta Maliki mutum ne da bai iya musu ba, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce haka yake so. Amma a kan wannan ya kafe. Yau ya ce kejin ya yi ƙanƙanta, gobe ya ce baƙon zomo na iya kawo cuta, jibi ya ce a bari damina ta wuce. Tun rasuwar shi ke share kejin, shi ke ɗaga Gimbiya, ba ya barin kowa. In ya gama sai ya zuba sauran ruwan shanta a gindin 'yar bishiyar lemon da ya dasa jikin katanga a makon rasuwar, ya daɗe a tsaye a wurin.

Damina ta zo ta wuce. Ranar da ta matsa masa, ya sunkuyar da kai.

“Maman Umaima, don Allah ki bar mana ita yadda take.”

Abin ya yi mata ciwo. Ta ɗauka ya riga ya sallama ne, yana jiran komai ya ƙare. Ita kuwa ba ta da abin riƙewa sai wannan.

Ran Asabar, yana fita ɗaurin aure Unguwar Sarki, ta lallaɓa ta tura Gimbiya cikin kwali, ta sha yaƙushi a hannu, ta hau keke zuwa Babbar Kasuwa. A layin masu kaji aka nuna mata rumfar Malam Sama'ila, wani dattijo Bakatsine mai sayar da zomaye da tantabaru. Ta ce miji take nema wa zomanyarta, mai lafiya, ba mai faɗa ba.

Ya buɗe kwalin, ya kama fatar wuyan ya ɗaga. Ya juya cikin, ya duba, ya yi 'yar dariya.

“Hajiya, ai mata za ki nema masa. Wannan namiji ne.”

Ta ce ya sake dubawa, wannan ta taɓa haihuwa, a gabanta. Bai yi gardama ba. Kunnen hagun yake kallo, yana shafa baƙin da babban yatsa, dariyar tana barin fuskarsa.

“Na gane shi, ni na sayar da shi bara,” in ji shi. “Wani bawan Allah ya zo da hoto a waya, idonsa jawur, yana neman mai irin kunnen nan. Ya ce zomanyar 'yarsa ta daina cin abinci tun ranar da aka kai yarinyar makwancinta, ta bi ta kafin sadakar bakwai, kuma matarsa ba za ta iya jure rashi biyu a mako ɗaya ba.”