Tuta a Hawa na Sha Biyu

Karo na uku ke nan mai gadi ya hawo da takardar kwamitin gidajenmu na unguwar Danau Kota a Malesiya: in sauke tutar Najeriya daga baranda.

Na ce, "Bikin 'yancin Malesiya kowa ya rataya taku, ba wanda ya hana."

"Tak boleh, bos," ya ce da yaren ƙasar, wato ba zai yiwu ba. "Aiko ni aka yi."

Na gaji da gardama. Shekarata huɗu ban je gida ba, karatun ya ƙi ƙarewa. Na kwance tutar, ya kama gefe ɗaya muka ninke.

Da zai fita, ya cire hularsa ya nuna min cikinta. Ƙaramar tutar Nepal ce a ɗinke, gumi ya cinye launinta.

"Shekara bakwai rabona da gida," ya ce, ya mayar da hular kansa.