Ganuwar da Kaka Ya Shafa

Ina ƙarama kakana, wanda idanunsa suka riga suka daina gani, ya ce in raka shi kufan garinsu da ke bayan Gagarawa. Bayan la'asar muka gangara cikin wani kwari da ruwan damina ya haƙa, itatuwan kanya da tsamiya sun rufe shi. Daga can ƙasa hanya ta miƙe sama, ga tsayi ga yashi mai zamewa. Ya dafa kafaɗata yana haki, amma bai daina ba ni labarin ganuwar garin ba.

"Amarya, in mun hau za ki ga katanga. Ko mahayin raƙumi ba ya hango bayanta."

Da muka kai sama na duba gabas, na duba yamma. Gonar gero ce da aka girbe, sai wani guntun tudun jar ƙasa da awaki ke hawa.

"Kin gan ta?"

"Kaka, babu katanga. Ɗan guntu ne ya rage, bai kai gwiwarka ba."

Sai ya ce, "Ki kai ni wurin."

Ya durƙusa ya shafa ƙasar da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri, sannan ya kai hanci ya shinshina.

"Nan ne. Ɗakin innata a bayan wannan yake."

A ranar ban gane abin da ya jiƙa masa gemu ba. Sai bara na gane, da aka rushe ɗakin mahaifiyata aka gina shago a wurin.